Abin da ungozomomi suka ce kan nonon mai ciki

Da aka tattauna batun tsatstsafowar nono kafin haihuwa, bakin ungozomomin ya zo ɗaya: ba ciwo ba ne. Dakashi ne, ruwan nan mai kauri, rawaya-rawaya, da jiki ke fara haɗawa tun wajen mako na 16. Wata takan ga ɗigonsa ya bushe a rigar mama da safe, wata kuwa har ta haihu ba ta ga komai ba, kuma wannan ba ya nuna za ta rasa ruwan nono.

Inda suka fi ja kunne shi ne matsa. Kada a tatsa kafin mako na 37, domin murza kan nono na sakin sinadarin da ke murɗa mahaifa, yana iya tayar da naƙuda. A sa tsumman auduga mai tsabta cikin rigar mama, a canza da ya jiƙe. Wanki da ruwan ɗumi ya isa. Sabulu na kwashe man da ƙananan ƙurajen nan na kewayen kan nono ke fitarwa, sai fata ta tsage.

Jini, ƙullutun da ya ƙi bajewa, ko ja da zafi tare da zazzaɓi, waɗannan kam ba a jiran ranar awo da su.