Murjanatu ko Yakutu?

Mai jego: Salam 'yan uwa, na haihu mace, suna ranar Asabar. Maigida ya ce Murjanatu, ni kuma Yakutu ke raina, don Allah wanne ya fi?

Maman Biyu: Barka da arziki! Ai duk suna cikin Suratur Rahman, aya ta 58 ma tare aka ambace su wajen siffanta matan Aljanna, to me ya rage.

Anti: Murjanatu dai ƙanwata. Ni kakata yake tuna min, jan murjaninta da take ƙullewa a tsumma cikin kwalla sai biki take fito da shi. Amma ki sani Murja za a ringa kiranta.

Baban Yara: Yakutu da daɗi wallahi, sai dai dangin miji zasu ce daga ina kuma?

Mai jego: Hhhh surukata ta riga ta tambaya.