Ina so ni da yara mu koyi sassaƙa a kan injin juya katako, ta ina za mu fara?

Baban Uku, Tudun Jukun

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin katako. Yarana uku ne: namiji mai shekara 16, mace mai 13, sai autansu mai 9, kuma ina so mu riƙa aikin hannu tare ranar Asabar da lokacin hutun makaranta. Abin da ya ja hankalinsu shi ne injin nan da ke juya katako ana sassaƙa shi, irin wanda ake fitar da ƙafar tebur da shi. Muna da rumfa a tsakar gida. Wane irin inji ya dace, a sayo na kanti ne ko a ba mai walda ya haɗa? Wane ice za mu fara da shi cikin waɗanda ake samu a nan Zariya? Shi kuma autan, a ba shi ƙarfe ya riƙe ko ya tsaya kallo tukuna? Allah ya saka da alheri.

Kafinta, Sabon Gari

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙaramin inji ya ishe ku, mai moto rabin doki, wato wajen wat 370, wanda zai ɗauki ice mai tsawon inci 16 zuwa 18. In akwai halin sayen na kanti, ya fi, saboda tsinin kai da tsinin wutsiya, wato tsini biyun da ke riƙe icen ta bakunansa, na kai yana juya shi, na wutsiya yana tokare shi, suna fuskantar juna daidai. In haɗawa za a yi, a nan ko a Panteka ta Kaduna, kada ka karɓi injin sai ka turo wutsiyar ta zo gaban kai ka ga tsinin biyu sun haɗu baki da baki. In sun saɓa, icen na iya riƙa rawa, aikin kuma ya ƙi fita sumul. Gadon injin ya zama ƙarfe mai kauri, a ɗaure shi da noti a kan benci mai nauyi, a aza buhun yashi a ƙasan bencin.

Inda masu haɗawa suka fi yin kuskure shi ne gudu. Sai a ɗauko moto mai juyi 2,800 a minti a haɗa shi kai tsaye, wannan kuwa bai dace da babba ba, balle yaro. Ka nemi moto mai juyi 1,400, a sa masa fuli mai hawa uku, inci 2 da 3 da 4, na kan injin kuma inci 5 da 4 da 3. Bel ɗaya zai zauna a duka ukun, ya ba ka juyi wajen 560, da 1,050, da 1,870. Lissafin da masu aikin ke bi shi ne a ninka kaurin icen a inci da yawan juyi, kada abin da ya fito ya wuce 9,000, mai koyo kuma ya tsaya kusa da 6,000. Kowane ice, in dai yana da kusurwa ba a zagaye shi ba tukuna, a hawa na ƙasa ake fara shi. In benci ya fara girgiza, gudun ya yi yawa ke nan, a kashe.

Sai makunni, kuma wannan kada a yi tsimi a kansa. A sa mai maɓalli kore da ja, irin wanda in an ɗauke wuta yake sakin kansa. Da makunnin bango, ana ɗauke wuta yaro zai kai hannu ya shafa icen, a dawo da ita inji ya tashi da hannunsa a kai. Ƙaramin janareta kuma ba zai tayar da moton ba, don moto yana jan ninkin ƙarfinsa sau da yawa a lokacin tashi; a nemi mai kilowat biyu ko sama.

Malamar Fasaha, Samaru

Yallaɓai, bari in fara da tufafi, domin shawarwarin da ake gani a intanet ba su san irin suturarmu ba. Babbar riga, jallabiya, hijabi, mayafi, carbi a wuyan hannu, zobe, agogo, duk babu su a gaban inji. Abin da ke juyawa sau dubu a minti yana naɗe hannun riga kafin mutum ya kai ga makunni. Ita yarinyar ta ɗaure gashinta, ta sa ɗankwali ko hula mai kama kai, ta tura duk wani lilo cikin rigar aiki mai matsattsen hannu da ake rufewa har wuya. Safar hannu ma haramun ce a wannan aiki, ita ma inji kama ta yake yi. Tabarau kaɗai bai isa ba, a sami garkuwar fuska ta roba mai rufe goshi zuwa haɓa, kowa da tasa, har mai kallo.

Game da autan, ra'ayina shi ne ya riƙe ƙarfe, amma hannunka yana kan nasa, kuma a ice mara kauri da ka riga ka zagaye masa. Ai hana shi taɓawa gaba ɗaya shi ke sa yaro ya lallaɓo ya kunna in ba ka nan. Don haka ma a sa kwado a makunnin. Mai 13 da mai 16 za su iya riƙewa da kansu, kana tsaye kusa da maɓallin ja. Mutum ɗaya ne a kan inji a kowane lokaci, sauran su tsaya ta bangaren wutsiya, ba daura da icen ba, don in ice ya kuɓuce ta gaba ko ta baya yake tashi. Tsinin injin ya zo daidai gwiwar hannun mai aiki. Ga gajere a yi masa dandamali mai faɗi na katako, kada a ɗora shi kan kujera ko bulo.

Kafin kowace kunnawa abu uku ne, a maimaita musu har su haddace: a matse wutsiya, a kawo majinginar ƙarfe kusa da ice da tazarar milimita 3 zuwa 6, sannan a juya icen da hannu zagaye guda a tabbatar bai bugi komai ba. Wajen yanka kuma, ƙarfe ya fara zama a kan majingina, sannan bayan bakinsa ya shafi icen ba tare da ya ci ba, sannan a ɗaga ƙotar a hankali har askin ice ya fara fita. Yaron da ya tura bakin ƙarfen kai tsaye, icen zai cafke ƙarfen ya fizge shi. Ana yanka daga wuri mai kauri zuwa siriri, ba a hawa.

Kada ku fara da akushi, ko da shi ne ya fi ba su sha'awa. Ku fara da abin da ake riƙewa tsakanin tsini biyu: katantanwar katako, ƙotar magagari, sandar murza fulawa, ƙaramar taɓaryar daka yaji. Katantanwa ta fi komai koyarwa, don in ba ta daidaita ba da kanta za ta nuna wa yaro in ya murza ta a ƙasa.

Masassaƙi, cikin Birni

Ɗana, zancen ice. Malaina ta fi sauƙi ga mai koyo, ba ta da nauyi, ba ta cika tsagewa ba, kuma ana samunta a 'Yan Katako. Ka ce a yanka maka inci 2 da 2, tsawon inci 8 zuwa 10. Dogon yaro da mangwaro ma suna yi, sau da yawa ma reshen da aka sassabe a unguwa ya isa, sai dai ruwan ɗanyen mangwaro yana sa wa wasu ƙaiƙayi. Maɗaci yana fita da kyau, ja mai sheƙi, amma a bari sai hannu ya faɗa. Ƙirya da marke ba na yara ba ne, suna dakushe ƙarfe nan take. Rimi kuwa, duk da yawansa a garin nan, ya yi taushi da yawa, yagewa yake yi maimakon ya yanku. Ƙurar icen loko tana shaƙe ƙirji ta kuma ɓata fata, a bar shi. Katakon da aka ciro daga tsohon gini ko akwati a duba shi sosai saboda ƙusa, wanda ya tsage ko yake da kulli mai motsi kuma a kai shi murhu.

Ɗanyen ice ya fi daɗin yanka kuma ba ya ƙura, matsalarsa hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu bakin ice yana bushewa kafin cikinsa, kwana biyu sai ka ga ya dare. Ana yankowa a raba gungumen biyu a cire zuciyar, don daga nan tsaga take farawa, a shafe bakunan biyu da narkakken kakin zuma ko farin gam, a ajiye a inuwa a kan dutse saboda gara. In kun kai ga akushi, a fara fitar da shi da kauri, kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, wato inci 6 a bar masa fiye da rabin inci, a binne shi cikin askin icen a kwali. A riƙa auna nauyinsa duk mako, ranar da ya daina raguwa sai a mayar da shi kan inji a gama.

Ni dai da za a bi tawa, autan da injin ƙafa zai fara. Igiya ce a naɗe a jikin icen, ƙasanta a ɗaure a abin takawa, samanta a jikin robar tiyub da aka miƙe. In ya taka ice ya juyo ya yanka, in ya saki ya koma. Ba ruwansa da wuta, kuma da ƙafa ta tsaya shi ma ya tsaya. A kasuwar Marakish ta Maroko har yau akwai masu sassaƙa da baka da igiya, suna tallafe ƙarfen da yatsun ƙafa.

Baban Uku, Tudun Jukun

Na gode ƙwarai, Baba, Malama, da kai Malam. Saura ƙarafan yanka: guda nawa za mu saya, kuma na maƙera za su yi? Me ake shafa wa abin da zai taɓa abinci?

Kafinta, Sabon Gari

Uku sun isa farko: babban mai baki kamar kwarya na zagaye ice, inci ɗaya ko ƙasa kaɗan, siriri mai kwarmi na fitar da ado, milimita 10, da mai tsini na yanke aiki. Mai karkataccen baki a jinkirta shi, shi ya fi cafkewa a hannun sabon shiga. Babban na zagaye ice kuma kada a taɓa kai shi kan akushi, don jijiyar icen a can a gicciye take, tana iya karya shi daga wuya.

Maƙeri zai iya yi muku da sifirin mota in ya iya ba shi ruwa, amma kada ku yarda da wanda aka yi da tsohon magagari, yana da gautsi, fashewa yake yi ya yi tsalle. Ƙota ta kai inci 12. Wasawa aikin babba ne ko mai shekara 16: babban ƙarfen a kusurwar digiri 45, siririn wajen 35, a taɓa dutse kaɗan-kaɗan ana tsomawa a ruwa, don in bakin ya yi shuɗi ya mutu, sai an cinye wurin. Alamar dakushewa ita ce gari ya riƙa fita maimakon aski, yaro kuma ya fara dannawa da ƙarfi, a nan haɗari yake.

Wajen goge aiki a cire majingina gaba ɗaya, a rage gudu, a sa takunkumi, a bi samfefa 80, 120, 180, 240 ba tsallake, ana riƙe ta ta ƙasan icen. Kada a naɗe tsumma a yatsa, takarda ake amfani da ita don ita yagewa take yi. Abin da zai taɓa abinci a shafa masa man farafin na kantin magani kashi huɗu da kakin zuma kashi ɗaya, a narka su tare a kwano cikin ruwan zafi. Man gyaɗa yana yin ɗoyi in ya daɗe, fenti da banish kuma a bar su ga ƙafar tebur.