Ɗiyata ta sami gurbin Faransanci: ta karɓa ko ta jira baɗi?

Mahaifin Ɗaliba, Mabera:
Assalamu alaikum. Ɗiyata ta fari ta nemi karatun lauya a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, amma makinta bai kai ba, sai aka ba ta gurbin karanta Faransanci. Mahaifiyarta ta ce ta haƙura ta sake zana JAMB baɗi, domin a ganinta wanda ya karanta harshe ba shi da makoma sai allo da alli. Ni dai na kasa yanke hukunci, shi ya sa nake neman shawarar waɗanda suka bi wannan hanya.

Tsohuwar Malama:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai a tambayi yarinyar ra'ayinta, domin harshe ba ya zama a bakin wanda aka yi wa dole. Ni Faransanci na karanta, kuma a shekararmu ta uku aka tura mu cibiyar koyon Faransanci ta Badagry da ke jihar Legas, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1991. Na isa can ina yarinyar da ba ta iya ɗaga kai ta yi magana a gaban mutum uku. A makon farko aka tsayar da ni gaban aji in bayyana garinmu, na tashi in ce muna da zafin rana, sai na ce muna da yunwa, ajin ya fashe da dariya, malamin ya gyara mini, ya ce in ci gaba. Wanda aka yi wa irin wannan gyara sau ɗari a bainar jama'a, tsoron kuskure yakan fita daga ransa, kuma wannan ya amfane ni a wurin neman aiki da kuma zaman gidan miji fiye da takardar digirin kanta. In ta karɓa, ta yi ƙoƙarin zana jarrabawar DELF, wato jarrabawar shaidar iya Faransanci, har matakin B2, domin ƙungiyoyin ƙasashen waje sun san darajarta.

Mai Fataucin Albasa, Illela:
Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma zan faɗi abin da na gani. A kasuwar Birnin Konni da ke Nijar Hausa ta ishe ka ciniki. Wahalar tana farawa ne sa'ad da jami'in kwastan ya miƙo maka takarda, ko ka sauke kaya a Kwatano ko Lome, inda rasit da yarjejeniya duk da Faransanci ake rubuta su. Akwai wani yaro da muke biya ya karanta mana, kuma abin da yake samu a wata ba ƙarami ba ne. Gaskiya ne Nijar ta fice daga ECOWAS a 2025, ta kuma ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, amma har yau takardun da ake ba mu ba su sauya harshe ba.

Ɗalibin Larabci:
Ina tare da Malama, sai dai ina da gyara kaɗan. Harshe shi kaɗai ba kasafai yake ba da aiki ba. Cikin abokan karatuna, waɗanda suka haɗa Larabci da kwamfuta ko lissafin kuɗi su ne suka sami shiga kamfanonin jigilar alhazai da aikin fassara, sauran kuwa koyarwa suka koma, wadda ita ma ba abin rainawa ba ce. Game da damuwar Hajiya mahaifiyar yarinyar kuma, a tuna mata cewa a garin nan na Sakkwato Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Mahaifin Ɗaliba:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tambayi yarinyar jiya da dare, ta ce tana so, har ta nuna mini littafin da take rubuta kalmomi a ciki tun tana aji uku na sakandare, abin da ban taɓa sani ba. Malama, saura batun Badagry, domin a nan ne mahaifiyarta za ta tsaya: yaya masaukin 'yan mata yake a can?