Shawarwarin masoya Ferrari kan sauyin shugabanni

Da hirarmu ta masoya motocin Ferrari ta kawo mu kan abin da ya kamata a yi idan kamfanin ya sauya shugaba, dattawan cikinmu suka koma 2014, shekarar da Luca di Montezemolo ya sauka bayan ya ja ragamar kamfanin tun 1991. Shi ne ya dage kada motocin da ake ƙerawa a Maranello, garin da masana'antar Ferrari take a Italiya, su haura 7,000 a shekara, kuma har yau wasu na kewarsa.

Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a yi wa sabon shugaba haƙuri. Ƙera sabuwar mota na cin shekaru, don haka motar da ta fito a farkon zamaninsa aikin magabatansa ce. Misali, Benedetto Vigna ya zo daga kamfanin kayan lantarki na STMicroelectronics ya zama shugaban gudanarwa na Ferrari a 2021, motar Purosangue mai ƙofa huɗu ta fito a 2022, aka yi ta ɗora masa alhakinta, alhali an faro aikinta kafin zuwansa. Ni ma nan na tsaya.

Mai tsohuwar mota kuma aka ce kada fargabar sauyin shugabanni ta sa ya yi gaggawar sayarwa. Ya adana takardun gyara, ya riƙa tayar da injin yana sauraron ƙararsa.