Kati 4242 ya wuce a sandboks, shikenan in buɗe wa jama'a?

ɗan_koyo:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah ina da tambaya ga waɗanda suka taɓa haɗa biyan kuɗi a shafi ko manhaja. Ina gina wa wani bawan Allah shafin sayar da kaya ne, na haɗa Stripe, wato kamfanin nan mai karɓar biya da kati ta intanet, a ciki kuma yace daga baya yana so a ƙara PayPal wanda shima irin aikin yake yi, to duk aikin a sandboks nake yinsa wato ɓangaren gwajin nan da ba kuɗin gaske ke motsi ba. Na sa makullan gwaji da Stripe suke bayarwa dan shafi ya iya magana dasu, waɗanda suka fara da pk_test_ da sk_test_, na zuba katin nan 4242 4242 4242 4242 da kowa ya sani, na sa kwanan wata na gaba da lamba uku ta bayan kati duk wadda ta zo min, biya ya wuce oda ta shiga rumbun bayanai imel ya tafi, a dashbod ɗin Stripe ma, inda suke nuna duk biyan da aka yi, na ga an rubuta anyi nasara. Mai shafin kuma ya matsa min shi dai kawai a buɗe. To shikenan na gama gwaji kenan, in canja makulli zuwa na gaske? Ko akwai abinda ya rage? Sannan wani yace min in gwada da katina na gaske in gani, ban sani ba ko ana yin haka. Kuma wai ita lambar 4242 ɗin nan katin wani ne ko me?

Baba_Saba:

Wa alaikumus salam ƙanina. Gaskiya baka gama ba, yanzu ma ka fara. Katin 4242 an yi shi ne dan ya wuce, ko ya kod ɗinka yake indai ka kira API ɗin daidai, wato ƙofar da kod ɗinka yake magana da Stripe ta ita, zai wuce, to abinda ka tabbatar kawai shine in komai ya tafi lafiya shafinka yana aiki. Kamar mai koyon mota ne a fili babu kowa, bai san ko ya iya ba sai ranar da wani ya shigo masa gaba babu sigina. Amfanin sandboks na gaskiya shine ka jawo matsala da gangan a wurin da ko sisi ba za a yi asara ba.

Su Stripe ɗin sun baka katunan da kowanne da irin faɗuwar da yake yi. 4000 0000 0000 0002 banki ya ƙi kawai ba dalili, 4000 0000 0000 9995 kuɗi basu isa ba, 4000 0000 0000 0069 kati ya ƙare aiki, 4000 0000 0000 0127 lambar baya ba daidai ba, 4000 0000 0000 0119 an samu matsala wajen sarrafawa. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba dashbod zaka tsaya kallo ba, shafinka zaka kalla da idon kwastoma: me aka rubuta masa, ya gane ko wani dogon saƙon kuskure aka watso masa, kayan da ya zaɓa suna nan ko sun ɓace, zai iya sa wani katin nan take ba tare da ya koma farko ba? Sannan ka leƙa rumbun bayanai ka ga wace oda aka ƙirƙira kuma me aka rubuta a kanta, dan na sha ganin shafin da yake rage adadin kaya a sito tun kafin kuɗi su tabbata, mutum goma katinsu ya faɗi sai kaya su nuna sun ƙare alhali ba a sayar da ko ɗaya ba.

Wanda ya fi duka muhimmanci a wurina shine 4000 0025 0000 3155, shi yake jawo 3D Secure, wato matakin nan da banki yake tsayar da mutum yace sai ya tabbatar shine, da OTP ko ta manhajar banki. A Turai tun 14 ga Satumba 2019 dokar PSD2 ta fara wajabta irin wannan tantancewar, kuma ko a wajen Turai bankuna da yawa suna nema. A nan ka gwada hanya uku: ka amince, ka ƙi, sannan ka rufe tagar kayi tafiyarka ka bar biyan a rataye. Ta ukun nan ce mutane basa gwadawa kuma ita kwastoma suka fi yi, OTP bai zo ba ya gaji ya fita.

Ummi_kod:

Ƙari akan maganar Baba. Malam ɗan_koyo tambaya ɗaya zan maka, a ina kake rubuta cewa oda an biya? In a shafin "mun gode" ne da ake dawo da mutum bayan biya to akwai gyara, dan mutum zai iya biya netwok ya ɗauke ko caji ya ƙare kafin burauza ta dawo shafinka, an cire masa kuɗi kai kuma baka da labari. Kuma wani mai wayo zai iya buɗe adireshin shafin godiyar kai tsaye bai biya komai ba. Webhuk shine abin dogaro, wato saƙon da Stripe da kansu suke turowa sabarka, irinsu payment_intent.succeeded ko checkout.session.completed in Checkout, wato shafin biya na Stripe ɗin kansu, kake amfani dashi.

Shi kuma webhuk yana da halayensa da sai ka gwada da hannu. Na farko yana iya zuwa sau biyu akan biya ɗaya, in sabarka bata amsa da 200 da wuri ba zasu sake turowa, a ɓangaren gaske har tsawon kwana uku suna sake gwadawa, a gwaji kuwa sau uku ne cikin 'yan awanni, kaga ko a nan ma akwai bambanci. To ka shiga dashbod ka sake tura saƙo ɗaya da gangan ka gani ko za a tura kaya sau biyu ko imel biyu, maganinsa ka riƙa ajiye lambar kowane saƙo wadda ta fara da evt_ in ka taɓa ganinta ka amsa 200 ka wuce. Na biyu basu yi alkawarin saƙonni zasu zo a jere ba, wanda ya kamata ya zo daga baya zai iya riga na farko. Na uku sa hannu, kowane saƙo yana zuwa da Stripe-Signature kuma dole ka tantance shi da sirrin nan mai whsec_ in ba haka ba duk wanda ya san adireshin zai iya turo maka ƙarya yace an biya. Ka tura wa kanka saƙon bogi ka ga sabar ta ƙi shi. In da Express ka gina sabarka ka kula, tantancewar tana son jikin saƙon ɗanye yadda ya zo, in express.json() ya riga taɓa shi sa hannun bazai taɓa dacewa ba.

A kwamfutarka basai ka ɗora komai a intanet ba, ka sauke Stripe CLI, manhajarsu da ake buga wa umarni a kwamfuta, ka buga stripe listen --forward-to sai adireshin localhost ɗinka wato sabar da ke kan kwamfutarka, sannan stripe trigger payment_intent.succeeded ka ga abinda zai faru.

Sai danna maɓallin biya sau biyu, ka rage saurin netwok a burauza ka danna da sauri da sauri kamar yadda mai haushi zai yi. Akwai Idempotency-Key, wata lamba ta musamman da ake haɗawa da buƙatar cirar kuɗi da kake tura wa Stripe, in makulli ɗaya ya zo sau biyu amsar farko zasu dawo maka da ita ba za a sake cira ba, suna riƙe shi aƙalla awa 24.

Na ƙarshe lissafi. Stripe da ƙaramin ma'aunin kuɗi yake aiki, dala 19.99 ana turata 1999. Buɗe JavaScript ka buga 19.99 * 100 zaka ga 1998.9999999999998, in ka yanke wutsiyar ka rage santi ɗaya kenan a kowane ciniki. Kuma ba kowane kuɗi ake ninkawa da 100 ba, yen ɗin Japan bashi da ƙaramin ma'auni, in ka ninka ka caje mutum ninki ɗari. Ni dai shawarata ka ajiye farashi a cikakkiyar lamba tun daga rumbun bayanai, kuma sabar ce zata lissafa abinda za a biya, kar ka yarda da adadin da burauza ta turo.

sarkin_gajeriya:

Kai duk wannan dogon zancen wlh, oga ka canja makulli ka sayi abu mafi araha da katinka ka mayar wa kanka kuɗin, in ya wuce ka buɗe kawai. Haka kowa yake yi.

Injiniya_PCI:

A'a sarki, kar ka sa yaro a matsala. Ana yi kam ba musu amma Stripe sun rubuta ƙarara a takardunsu cewa yarjejeniyarsu ta hana gwaji a ɓangaren gaske da bayanan kati na gaske, kuma in ka mayar da kuɗi basa dawo maka da kuɗin aikin da suka cira. Sabon asusu ya fara da mai shi yana cajin katinsa yana mayarwa ba abu ne mai kyan gani ba a idon masu sa ido akan zamba. Kuma ko ka yi, kati ɗaya ne na banki ɗaya ya wuce sau ɗaya, bai fi 4242 ɗin gaya maka komai ba sai kaɗan. Abinda ya fi shine a buɗe wa mutane ƙalilan masu sayen gaske tukunna, kana zaune kana kallon log, wato rubutun da sabar take ajiyewa na duk abinda ya faru, da dashbod, kafin a yi talla.

Ɗaya ɓangaren kuma kar ka taɓa zuba katin gaske a wurin gwaji, naka ko na kwastoma. Ƙa'idar tsaron bayanan kati ta PCI DSS, wadda majalisar da Visa da Mastercard da American Express da Discover da JCB suka kafa a 2006 take kula da ita, ta tsawatar akan amfani da lambobin katin gaske a wuraren gwaji, kuma lamba ukun nan ta baya ba a ajiye ta bayan an amince da biya ko a log ne. Ka bincika log ɗinka yanzu da 4242 ka gani ko ta fito, in ta fito to gobe katin mutane ne zai fito.

Maganar 4242 ba katin kowa bane. Lambar kati tana da lissafin tantancewa da ake kira Luhn, sunan Hans Peter Luhn na IBM da ya ƙirƙiro shi aka bashi haƙƙin mallaka a 1960, lambar ƙarshe ana samota ne daga sauran dan a kama kuskuren bugawa. 4242 sau huɗu ta cika wannan lissafin, ta fara da 4 kamar katunan Visa, kuma ga sauƙin haddacewa. In ka sa ta da makullin gaske ƙin ta za a yi.

Ranar sauyawa kuma ba makulli biyu kawai ake canjawa ba. Kaya da farashin da ka ƙirƙira a gwaji basa bin ka, lambobin price_ ɗinsu daban ne a can, in ka manna su cikin kod zasu ce babu su. Adireshin webhuk sai ka sake rajistarsa a ɓangaren gaske kuma dole HTTPS, zai zo da sabon whsec_ nasa, wanda stripe listen ya baka ma daban ne. Ka sa sabar gaske ta riƙa duba livemode a kowane saƙo, shine yake nuna na gaske ne ko na gwaji, in false ne kar ta saki kaya. sk_live_ kuma kar ya shiga GitHub ko kod ɗin burauza. Sannan ka sa iyaka akan yawan gwada kati daga wuri ɗaya, dan ɓarayi suna neman sabon fom mara tsaro su riƙa gwada katunan sata da ƙananan kuɗi, wannan sandboks bazai nuna maka shi ba.

ɗan_koyo:

Allah ya saka da alheri, Anti Ummi na ɗauki maganar webhuk ɗin zan zauna akanta. Saura biyu dan Allah, mai shafin yana son wasu kayan su zama biyan wata-wata, sai na jira wata ya cika kenan kafin in ga ko cirar ta biyu tana aiki? Sannan PayPal ɗin duk haka yake?

Ummi_kod:

Amin. Basai ka jira ba, Stripe suna da agogon gwaji, zaka ƙirƙiri kwastoma a kansa ka tura lokaci gaba wata ɗaya ka ga an fitar da takardar biya an cira. Ka haɗa da kati 4000 0000 0000 0341, shi yana yarda a maƙala shi a kwastoma amma in an zo cira sai ya faɗi, da shi zaka ga me shafinka yake yi in invoice.payment_failed ya zo, rufe wa mutum zai yi nan take ko zai ɗaga masa ƙafa, wannan ma ka tambayi mai shafin dan hukuncinsa ne ba naka ba. Akwai kuma 4000 0000 0000 0259 da biya yake wucewa sannan mai kati yayi ƙorafin zamba, ka gwada shi tare da mayar da rabin kuɗi ka ga lissafinka ya daidaita da na dashbod.

PayPal tunanin ɗaya ne amma kar ka kwafo kod ɗin kai tsaye. A shafinsu na masu haɗa manhaja zaka samu asusun gwaji biyu, na mai saye da na mai sayarwa, kuma adireshin API ɗin ma daban ne, api-m.sandbox.paypal.com a gwaji api-m.paypal.com a gaske, kowanne da makullansa. Su adadi da ɗigo suke karɓa "19.99" ba 1999 ba, to in aiki ɗaya ne yake shirya wa su biyun adadi ka kula sosai. Kuma mutum ya amince da oda a shafinsu ba yana nufin kuɗi sun shigo ba, sai sabarka ta kira capture, wato umarnin karɓo kuɗin, ta ga COMPLETED. Na hana cira sau biyu a wurinsu PayPal-Request-Id ne, in kuma faɗuwa kake son jawowa ka sa PayPal-Mock-Response da INSTRUMENT_DECLINED ka ga ko shafinka zai mayar da mutum ya zaɓi wata hanyar biya.