Neman kalma: motar da ke shan fetur kuma ake jona ta a wuta

Mai Fassara: Assalamu alaikum jama'a. Ina cikin matsi. Gobe ƙarfe goma na safe za mu naɗi shiri, kuma rahoton da aka ba ni in fassara labarin wani ne da ya shekara yana hawan motar BMW i8, yana faɗin daɗinta da wahalarta. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne plug-in hybrid. Sau goma sha ɗaya ta fito a rahoton minti shida. In na tsaya cewa "motar da ke aiki da fetur da lantarki wadda kuma ake yi wa caji daga waje" har sau goma sha ɗaya, numfashina zai ƙare kafin shirin. Ga kuma sports car, wato motar da aka ƙera don gudu, tana jirana. Gajeriya nake so don Allah, wadda kunne zai kama da ji ɗaya.

Tsohon Ɗan Rediyo: Wa alaikumus salam. Ruwa biyu. Mota ruwa biyu. Ki je ki yi barcinki.

Ɗalibar Harshe: Ni ma ita ta fara faɗo mini a rai, Baba.

Bakanike: Ruwa biyu ta yi, amma rabin aikin ta yi. Toyota Prius da ta fito a Japan a 1997 ai ruwa biyu ce, ga inji ga batir, amma ba ta da inda za ka soka mata waya. Injinta da birkinta ke cika mata batir, kai dai fetur kawai ka sani. Wadda Hajiya ke magana batirinta ya fi girma nesa ba kusa ba, a bango ake jona ta kamar wayar hannu, ta yi tafiyar kilomita masu ɗan dama inji bai ko yi tari ba. In kuka kira su da suna ɗaya, mai sauraro zai ɗauka abu ɗaya ne.

Ɗan Koyo: To a ce ruwa biyu mai fulogi mana.

Bakanike: Kai yaro, wace motar fetur ce ba ta da fulogi? A bakinmu fulogi shi ne mai ba da tartsatsi a cikin inji. Ka ce mota mai fulogi a gareji, dariya za a yi maka har a tashi aiki.

Tsohon Malami: Na ga kuna ta kewaye alhali kalmar tana gabanku. Alfadara. Uba jaki, uwa goɗiya, jinsi biyu a jiki ɗaya. Su ma Turawan daga wajen dabbobi suka ɗauko tasu, domin a Latin kalmar hybrid tana nufin abin da aka haifa tsakanin jinsi biyu. Abin da suka yi da dabbarsu mu yi da tamu. Alfadarar mota. Na daɗe ina ba da wannan shawara, ba yau na fara ba.

Ɗalibar Harshe: Allah ya gafarta Malam, hikimar ta fito. Sai dai abin da Bahaushe ke ji in an ce alfadari shi ne taurin kai da ɗaukar kaya. Ita i8 kuwa daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 a awa daƙiƙa 4.4 take yi. Kuma har yanzu ba mu raba ta da Prius ba, ita ma alfadarar ce ke nan.

Tsohon Malami: Sai a ce alfadara mai ɗura.

Mai Fassara: Ɗura kuma, Malam?

Tsohon Malami: Ɗura, 'yata. Ana ɗura mata wuta. Ni wannan "caji" da "jona" da "batir" da kuke ta yayyafawa su ne ciwon da ke cin harshen nan. Jona ai Turanci ce aka sa wa hula. Me ya hana a ce rumbun wuta maimakon batir? Me ya hana ɗura maimakon caji? Kowa ya ga sabon abu sai ya lanƙwasa bakinsa ya ce ya yi Hausa. Lantarki muke magana, a yi mata magana da Hausa tsantsa.

Tsohon Ɗan Rediyo: Ranka ya daɗe, ita lantarkin daga ina ta zo? Ita ma Turancin ce aka sa wa hula, hular ce dai ta daɗe a kanta har ta zauna. Haka mota, haka inji, haka fetur. In za mu kore su duka, Hajiya za ta shiga ɗakin shiri gobe da farar takarda.

Tsohon Malami: Wanda ya riga ya shigo gida ya zama ɗan gida. Ina magana ne kan waɗanda ke bakin ƙofa. Kuma ku 'yan rediyo ku ne kuka buɗe ƙofar, kun fi kowa saurin haɗiye kalma ba tauna. Shekara talatin da biyu na yi ina koyar da harshen nan, ba zan zauna 'yan gareji su riƙa yanke mana ƙa'ida ba.

Bakanike: A'a Baba, a nan kam ban yarda ba. Ba mu da digiri, gaskiya ne. Amma sitiyari da birki da giya da salansa da kuke faɗa kullum, a wane aji aka ƙirƙiro su? A ƙarƙashin mota aka haife su, bakinmu ya sassaƙa su har suka yi daɗin faɗa. Ranar da motarka ta mutu a hanya, ka kira ni ka ce rumbun wutarka ya yi sanyi, mu ga ko zan gane abin da zan ɗauko.

Ɗalibar Harshe: Don Allah a yi haƙuri. Baba bai yi nufin raini ba, Oga.

Tsohon Malami: Ban raina sana'ar kowa ba. Na ce dai kowa da fagensa.

Mai Fassara: Iyayena, ƙarfe tara ta wuce, ni kuma har yanzu layi na biyu nake.

Direban Dare: Sannunku. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba. Ni ba masanin harshe ba ne, amma shekara uku ke nan ina hawan irin motar nan, ta wani kamfani daban, ƙofa biyu. Bari in faɗi yadda zama da ita yake, wataƙila sunan ya fito daga nan.

Da asuba in na tayar da ita ba abin da ake ji. Fitilu su kama, shi ke nan, in sulale in fita maƙwabta na barci. Mota ce da in ka gan ta za ka ɗauka rugugi za ta yi, sai ga ta tana tafiya kamar kyanwa. Shirun ya kai har a Tarayyar Turai an wajabta wa sababbin motoci irin waɗannan fitar da wani sauti in suna tafiya a hankali, saboda masu tafiya a ƙasa. Zuwa aiki da dawowa duk a kan batir nake yi. Sai na hau babbar hanya na taka sosai injin ke farkawa, a nan kuma sai ta zama wata dabba daban, domin lantarkin ke fara tura ka nan take kafin injin ya tattaro ƙarfinsa. In ka ɗaga ƙafa ko ka taɓa birki, wutar da za ta tafi a banza sai ta koma batir.

Amma duk wannan daɗin a kan abu ɗaya ya rataya: ka jona ta da dare. Akwai watan da na yi a wani gida da ba ni da soket kusa da inda nake ajiye ta. Watan nan mota ce kawai mai shan fetur, ɗauke da batir mai nauyi da ba ya tsinana komai sai ɗan abin da birki ya tara masa. Shan manta ya tashi, ni kuma ina ta jin haushin kaina. Wani lokacin kuma akasin haka, in yi makonni ban je gidan mai ba, har motar ta tayar da injin da kanta don kada ya daɗe a kwance. Wurin kaya kuwa kada a yi maganarsa, jakar wayar cajin kaɗai ta cinye kusurwa guda.

Abin da ya sa na yi wannan dogon zance: duk sunan da bai gaya wa mutum cewa sai ya jona ba, ya ɓoye masa ainihin abin. Ni a gida yarana "mai baki biyu" suke ce mata, don murfi biyu gare ta, ɗaya a baya na fetur, ɗaya a gaba na wuta. Ranar farko ma da na je shan mai, mai zubawar murfin wutar ya nufa da tiyonsa.

Bakanike: Wallahi yaran nan sun fi mu. Baki biyu! Prius ta asali baki ɗaya gare ta, mai lantarki zalla baki ɗaya, wannan ce mai biyu. Ga shi dama muna cewa bindiga mai baki biyu, kunne ya saba.

Ɗalibar Harshe: Ta yi daɗi a baki, kuma gaɓa biyar ce kacal. Abin da nake tsoro shi ne ɗaya ma'anar. In an ce wane baki biyu gare shi, ai ba yabo ba ne.

Tsohon Ɗan Rediyo: To ai motar ma haka take. A takardar gwajin Turai an rubuta wa i8 lita 2.1 a kilomita 100, saboda gwajin da cikakken batir ake fara shi kuma gajere ne. Wanda bai jona ba ba zai taɓa ganin wannan adadi ba. Ta faɗa wa mai gwaji magana ɗaya, ta faɗa wa malalacin direba wata.

Tsohon Malami: Yanzu sunan da yara suka laƙaba a tsakar gida shi za a kai gidan rediyo. To madalla. Amma ku amsa mini: motar da aka juya ta koma shan gas da fetur, baki nawa gare ta?

Bakanike: Biyu ne, Baba. A nan ka kama ni.

Tsohon Malami: Alhamdu lillahi. Alfadara dai ba ta da wannan matsalar.

Ɗalibar Harshe: Tana da ita, Malam, mai gas da fetur ma jinsi biyu ce.

Mai Fassara: Ku tsaya in faɗi inda na tsaya, don dare ya yi. Ruwa biyu ita ce uwa, ta rufe duk mai haɗa inji da lantarki. Wadda ake jonawa kuma "ruwa biyu mai caji". A farkon rahoton zan yi bayani sau ɗaya: injin fetur mai silinda uku, lita 1.5, yana juya tayoyin baya, na'urar lantarki tana juya na gaba, batirin kuma a soket ake cika shi. Daga nan sai in riƙa cewa ruwa biyu mai caji. "Mai baki biyu" zan sa ta sau ɗaya a inda mutumin ke wasa da motarsa, in ga ko za ta kama. Saura sports car. Motar wasanni ba ta yi mini ba, kamar motar da ke kai 'yan ƙwallo fili.

Ɗan Koyo: Motar tsere.

Direban Dare: A'a ƙanena. Motar tsere ba ta da lamba, ba ta hawa titi, a fili kawai ake gasa da ita. Wannan kuwa da ita nake zuwa aiki. Ko Ferrari SF90 Stradale ta 2019, mai ƙarfin doki kusan dubu, ta titi ce, ita ma jona ta ake yi. Kilomita 25 take yi a kan batir zalla, kuma ba ta da giyar baya a akwatin giyarta, lantarkin tayoyin gaba ke ja da ita baya.

Tsohon Ɗan Rediyo: Motar ƙwalisa? Motar kece raini?

Ɗalibar Harshe: Waɗannan sun faɗi halin mai motar ne, Baba, ba motar ba.

Tsohon Malami: Tun da ƙarfin doki kuke aunawa, ku koma wa doki mana. Dokin sukuwa daban, dokin kaya daban, kuma mai dokin sukuwa yana hawansa ya je unguwa ba sai ranar gasa ba. Motar sukuwa. Ko ita ma za ku ce sai yara sun amince?

Bakanike: Wannan kam ta zauna, Baba. Ba ni da ta cewa.

Mai Fassara: Na ɗauka, Malam, na gode. Motar sukuwa ruwa biyu mai caji. Ta ɗan yi tsawo, amma sau ɗaya zan haɗa su duka.

Tsohon Malami: "Mai ɗura" ta fi "mai caji". A rubuta cewa na faɗa.

Mai Fassara: Na dawo da rahoto. An naɗi shirin. Ruwa biyu mai caji ta wuce ba gardama. Editana ya tsaya a kan motar sukuwa, ya karanta sau biyu, ya ce a bar ta. Mai baki biyu kuwa ya soke ta, wai kada kamfanin ya ɗauka zagi ne.

Bakanike: Shi ya sani. Mu dai yau da safe har na gwada ta a kan yarana a gareji, ba wanda ya tambaye ni me nake nufi.

Tsohon Malami: Na saurara. Kin karanta da kyau, 'yata. Sau tara na ƙirga "caji".