Canjin sifikun gaban mota: ta ina ake samun ƙara da tsabtar sauti?

Sabon Direba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sifikun ƙofofin gaban motata na kamfani ne, inci 6.5, rediyon ma wanda ya zo da motar ne. Idan na ƙara murya ta wuce rabi, sai sautin ya dishe, ƙofa ta kama kwaramniya kamar gwangwani. Ina so ya ƙaru, ya kuma fita tsaf. Na ga wasu sifiku an rubuta wat 350 a kwalinsu. Idan na sa su kawai, magana ta ƙare, ko akwai abin da ya rage? Masana a taimaka.

Mai Wayarin

Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara mantawa da wat 350 ɗin nan, lambar talla ce. Abin da sifika ke iya ɗauka na ƙiftawar ido ke nan kafin ta ƙone. Lambar da ake aiki da ita ita ce RMS, wato ƙarfin da za ta jure a kai a kai, kuma a irin waɗannan sifiku yawanci tsakanin wat 40 ne zuwa 80. Sannan wannan lambar ba ta nufin ƙara. Sifika karɓar wuta take yi, rediyo ko amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, ke ba ta. Rediyon da aka rubuta wa 50 sau 4, wato wat 50 ga kowace cikin sifiku huɗu, abin da yake bayarwa na gaskiya bai wuce wat 15 zuwa 22 a kowace sifika ba. Ka ɗaura masa sifikar wat dubu, wat 20 ɗin nan dai za ta samu.

Idan da rediyon nan za ka ci gaba, lambar da za ka nema a kwali ita ce ta saurin amsawa, wadda ake rubutawa da dB. Tana nuna ƙarar da sifika ke fitarwa da wat 1 a tazarar mita 1. Nemi 90 ko sama. Bambancin dB 3 kamar ba komai ba ne a takarda, amma sifika mai 87 sai ta sha ninki biyu na wutar mai 90 kafin su yi kunnen doki. Shi ya sa wasu ke cire sifikun kamfani su sa masu tsada, sai su ji sautin ya ma ragu. Na kamfanin takarda ce marar nauyi, wuta kaɗan ke motsa ta, sabuwar kuwa mai nauyi ce, tana jin yunwa. A nan ma akwai wayo. Wasu kamfanoni suna aunawa da bolt 2.83, wanda a sifika mai om 4 (om shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wuta) daidai yake da wat 2. Idan haka ka gani, cire 3 daga lambar kafin ka kwatanta.

Kafin ka sayi komai, ciro tsohuwar ka duba abu uku. Na farko om ɗinta a bayan maganaɗisu. Yawanci 4 ne, amma wasu motoci masu amfilifayar kamfani suna zuwa da om 2, kuma idan ka maye ta da mai 4 ƙara za ta ragu. Na biyu zurfi. Sauke gilashi har ƙasa, ka auna daga bakin ramin zuwa gilashin, ka bar rarar aƙalla milimita 5, in ba haka ba gilashi zai riƙa dukan maganaɗisu. Na uku tsarin ramukan sukurori. Da wuya su dace, sai da zoben da ake ɗora sifika a kai. Nemi na roba mai tauri. Na katakon garin itace yana kumbura, domin ruwan sama na ratsa cikin ƙofa.

Dattijon Gareji

Mai Wayarin ya faɗi gaskiya, amma kwaramniyar da yaron nan ya ambata ba ta sifika ba ce, ta ƙofa ce. Ɗana, ko wace sifika ka sa, idan ba ka gyara ƙofar ba, gwangwaninka na nan.

Sifika na tura iska gaba, a lokaci guda tana jan ta daga baya. Idan iskar baya ta samu hanyar zagayowa ta haɗu da ta gaba, sai su kashe juna, kuma kauri, wato bes, shi ke fara tafiya. Ƙarfen cikin ƙofa kuwa duk manyan ramuka ne da aka bari don gyaran injin gilashi, leda kawai ta rufe su. Aikin shi ne a raba gaba da baya.

Cire kan batir na ragi tukuna, musamman da yake wasu ƙofofi na ɗauke da na'urar da ke tayar da jakar iska ta gefe. Duk soket mai launin rawaya kada ka taɓa shi. Ɓamɓare murfin ƙofa da abin ɓamɓara na roba, sukundireba na karya ƙugiyoyin. Goge ƙarfe da sifirit har maiƙo ya fita. Sai ka manna shimfiɗar kashe girgiza, mai baƙar roba da fatar alminiyom, a jikin ƙarfen waje. Ba sai ka rufe ko'ina ba, kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na wurin da yake shimfiɗe ya isa, ka fara da bayan sifika daidai. Danne ta sosai da abin murzawa har iska ta fita, wadda ba ta kama ba aikin banza ce. Guji mai kwalta, zafin rana na narkar da ita ta zubo tana wari. Daga nan ka rufe manyan ramukan ƙarfen ciki, ka bar wa sandunan makulli hanyarsu. Ƙananan ramukan da ke can ƙasan ƙofa na fitar ruwa ne, wanda ya toshe su ya gayyato tsatsa.

Sa siririn soso mai gam tsakanin zobe da ƙarfe, wani kuma a kewayen fuskar sifika, yadda sautin zai bi ta raga ya fito maimakon ya ɓace a bayan murfi.

Sai kan waya. Idan ka juya ƙari da ragi a ƙofa ɗaya, sifikun biyu za su riƙa ja-in-ja, bes ya ɓace. Gwaji: ka taɓa wayoyin sifikar da ƙaramin batir mai bolt 1.5. Idan fuskar sifika ta yo waje, wayar da ke kan ƙarin batir ita ce ta ƙari. Kada a yi wa tiwita, wato ƙaramar sifikar siririn sauti, wannan gwajin. Haɗin waya kuma a yi shi da dalma ko soket, murɗawa da nannaɗe tef ba ya jure girgizar ƙofa.

Sabon Direba

Na gode Baba, na gode Malam, Allah Ya ƙara basira. To wacce zan ɗauka, mai tiwita a tsakiya ko mai tiwita daban? Amfilifaya kuma dole ce?

Kunnen Sauti

Don tsabta, ɗauki mai tiwita daban. Siririn sauti a miƙe yake tafiya, idan tiwita na ƙasan ƙofa gwiwarka take yi wa waƙa. Ka ɗora ta a kusurwar madubi ko ginshiƙin gilashin gaba, ka sa akwatin rarraba sautin, wanda ke raba siririn sauti da bes, inda ruwa ba ya kaiwa. Tiwita ba ta shan waya kai tsaye sai ta wannan akwatin, in ba haka ba bes zai kashe ta nan take.

Batun amfilifaya, a nan na ɗan saɓa da Mai Wayarin. Sifika mai saurin amsawa za ta taimaka, amma dishewar da kake ji daga rabi zuwa sama yawanci rediyon ne ya ƙure. Idan ya kai iyakarsa sai ya riƙa yanke kan igiyar sauti, wannan yankakken sauti shi ne ƙazantar, shi ne kuma ke gasa tiwita. Ninka wuta sau biyu dB 3 kawai yake ƙarawa, kunne kuwa sai wajen dB 10 yake jin an ninka. Daga wat 18 zuwa 75 za ka samu kusan dB 6, ba ninki ba ne, amma zai zo ba dishewa, kuma wannan shi kake nema.

Ɗauki amfilifaya mai wat 60 zuwa 75 RMS ga kowace sifika a om 4. Wayar wuta mai kauri lamba 8, ta jan ƙarfe zalla. Mai alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a waje tana zafi, tana rage wuta. Fiyus na amfiya 40 zuwa 50, kada ya wuce santimita 45 daga batir, domin waya yake karewa, kuma wayar da ta goge jikin mota ba fiyus gobara ce. Wayar ragi gajeriya, kaurinta ɗaya da ta wuta, a kankare fenti a ɗaure ta a ƙarfe tsirara. Kukan da ke tashi tare da totur galibi daga nan yake fitowa. Wayar sauti ta bi gefe ɗaya na mota, ta wuta ta bi ɗaya gefen. Idan rediyon kamfani ba shi da mafitar RCA, wato soket ɗin da ke kai sauti ga amfilifaya, ka nemi amfilifayar da ke karɓar wayar sifika kai tsaye, ko ƙaramin akwatin da ke sauya ta.

Kunna matatar amfilifaya da ke tare ƙasan sauti, HPF, ka ajiye ta a 80 Hz (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti). Sifikar inci 6.5 a ƙofa ba ta da ƙarfin abin da ke ƙasa da haka, wahala kawai take sha tana bugun banza. Da ka cire mata wannan nauyin za ta yi ƙara fiye da da, ba tare da ta fashe ba.

Maɓallin gen, wanda ke daidaita amfilifaya da ƙarfin sautin rediyo, ba na ƙara murya ba ne, kada a murɗe shi har ƙarshe. Cire wayoyin sifika, mayar da bes da tirebul sifili, kai muryar rediyo kashi uku cikin huɗu, saka sautin gwaji na 1 kHz, ka ɗora mitar auna wuta a AC a mafitar amfilifaya. Lissafin: wat sau om, sai tushen murabba'i. 75 sau 4 ya ba da 300, tushensa 17.3. Murɗa a hankali har mita ta nuna bolt 17.3, ka tsaya.

Mai Wayarin

Ba mu saɓa ba, Malam Kunne, jeri ne kawai. Ƙofa da sifika tukuna, ya saurara mako guda, in bai ƙoshi ba ya sa amfilifaya. Sai dai in ya san can zai ƙare, kada ya takura kansa da 90 dB, ya ɗauki wadda RMS ɗinta ya kai 60, ya kuma ja sabuwar waya lamba 16 ta cikin robar ƙofa tun murfin yana cire, don kada ya sake ɓamɓare shi.